Yadda Ake Zana Gidan Ƙasa da Tawada da Fentin Ruwa

Abu na farko da mai son zana tsofaffin gidajenmu zai yi shi ne ya bar rula a gida. Ginin ƙasa ba shi da miƙaƙƙen layi ko guda. Da hannu magini ya mulmula tubali, da hannu ya jera shi, da tafin hannu ya shafe yaɓe, sannan ruwan damina ya yi shekara da shekaru yana lasar kusurwoyin har suka daina kaifi. Katangar tana da kauri a gindi, tana sirancewa tana hawa. Wanda ya ja ta tsaye cak da rula, gidan bulo ya zana ya shafa masa jan fenti, kuma duk wanda ya tashi a cikin birni zai gane da kallo ɗaya.

Kayan da za ka riƙe

Takarda ce wurin da bai kamata a yi ƙwauro ba. Takardar fotokwafi mai nauyin giram 80 da ta ji ruwa sai ta tattare, ta yi tudu da kwari, fenti ya gangara ya kwanta a kwarin. Nemi takardar fentin ruwa mai giram 300, a bangon littafin ake rubuta lambar. In ba ta samu ba mai 200 za ta yi, sai dai ka rage ruwa. Girman A5 ya ishi mai farawa, domin babbar takarda tana cinye lokaci, inuwa kuma ba ta jiran kowa.

Alƙalami kuwa sharaɗinsa ɗaya ne: tawadarsa kada ta narke in ruwa ya taɓa ta. Sakura Pigma Micron, Uni Pin da Staedtler duk suna da irin wannan, kuma biyu sun isa, mai lamba 0.1 da mai 0.5. Ko da mai shago ya rantse maka, gwada da kanka: ja layi a gefen takarda, jira minti biyu, ka bi ta kansa da jiƙaƙƙen buroshi. In ya yi jirwaye, ajiye shi. Baƙin biro na gargajiya yakan jure ruwa, don haka wanda aljihunsa bai kai ba ya fara da shi. Biro mai ruwa-ruwa irin na sa hannu shi ne mai ɓata aiki.

Tawadar allo da aka haɗa da baƙin tukunya ko gawayi da ƙaro an yi ta ne don ta wanku, saboda haka ba a sa fenti a kanta. In kana sonta, yi fentin tukuna, ya bushe, ka zo da ita daga baya. Amma alƙalamin kara irin na makarantar allo kada ka raina shi. Layinsa yana kauri yana sirancewa gwargwadon yadda ka danna, kuma a ganina ya fi duk wani alƙalamin kamfani dacewa da ginin ƙasa. Fiƙe guda biyu, ka riƙa tsoma su a tawadar Indiya wadda ba ta narkewa. Shi ma fentin ruwan, garin launi ne da aka ɗaure da ƙaro, irin wanda ake ɗiba a Yobe da Borno da Sudan.

Launi huɗu sun wadatar. Ruwan ɗorawa mai ƙasa-ƙasa, wanda masu sayarwa ke ce wa oka. Jan ƙasa, wato siyena ƙonanniya. Ruwan ƙasa mai duhu, wato amba. Sai shuɗi irin na bular wanki, wato altramarin. Baƙin da ke cikin akwatin fenti ka manta da shi, yana kashe zane. Fari kuma takardarka ce, duk inda kake son fari sai ka bar wurin ba fenti.

Sauran ƙananan kaya ne: zagayayyen buroshi mai tsini lamba 8 da ƙarami lamba 3, fensir HB, magogi mai laushi, robar ruwa, farin faranti na dama launi, tsumma, matsi biyu na riƙe takarda saboda iska, 'yar kujerar tsuguno da malafa.

Wane gini, kuma da yawun wa

Mai farawa yakan so ya garzaya Gidan Rumfa, fadar Sarkin Kano, ko hasumiyar Gobarau ta Katsina, ya dawo da takarda cike da ruɗani. Fara da zauren talaka: ƙofa ɗaya, zanko biyu, indararo ɗaya, dakali a gefe. Duk abin da za ka tarar a manyan gine-gine yana nan a ƙarami. Irin wannan zaure har yanzu ana samunsa a lungunan cikin birnin Kano da Zariya da Katsina da Daura, da unguwar Birni ta Damagaram, sai dai kowace damina yana raguwa. In ka ƙi jinin a taru a kanka, gidajen tarihi sun fi sauƙi. A Kano, Gidan Makama, wanda asalinsa ya koma zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), da Gidan Ɗan Hausa inda Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya zauna, ma'aikatansu sun saba da baƙi masu littafi da kyamara. Ƙofofin ganuwa kuma ka duba da kyau kafin ka zauna, da yawansu an rushe an sake su da siminti lokacin faɗaɗa titi, siffar tana nan amma laushin ya tafi.

Gidan mutane ba a zama a gabansa da littafi haka kawai. Wanda ya ga baƙo yana auna gidansa da fensir, yana rufe ido ɗaya, abin da zai fara faɗo masa shi ne haraji ko rusau. Yi sallama ga dattijon da ke kan dakali, ka durƙusa ka gaisa sosai, sannan ka ce, "Baba, ni mai koyon zane ne, ginin gidan nan ne ya ba ni sha'awa. In an yarje mini, zan zauna can gindin darbejiya in zana gaban zauren." Buɗe masa littafin ya ga abin da ka yi a baya. Sau da yawa tambayar da za ta biyo ita ce, "Gwamnati ce ta aiko ka, yaro?" Amsa a fili, a'a. In za ka yi kwanaki kana yawo a unguwa ɗaya, ka fara da gidan mai unguwa. In an ce a'a, ka yi godiya ka yi gaba.

Kada ka zauna inda idonka zai riƙa faɗawa cikin gida in an ɗaga labule. An tsara zaure da shigifa ne musamman don kare wannan, ƙofofinsu ma ba sa kallon juna. A fada ka nemi izinin dogarai. Ofishin 'yan sanda, bariki da gidan yari kuwa ba wuraren zane ba ne, komai tsufan gininsu.

Lokaci da wurin zama

Hantsi da bayan la'asar su ne lokutan aiki. Da rana tsaka inuwa tana maƙalewa a gindin katanga, bango ya zama fili fetal, adon da ke jikinsa ya ɓace. Adon yaɓe yana fitowa ne in hasken ya zo ta gefe yana shafar bangon. Ka kuma lura da inda gidan ya fuskanta. A Kano da Katsina da Zariya, bangon da ke kallon arewa ba ya ganin rana tun daga Oktoba har farkon Maris, don a lokacin ta karkata kudu. Irin wannan gida sai wajen Mayu zuwa Yuli yake samun haske mai kyau.

Zauna a karkace yadda za ka ga fuskoki biyu na ginin, ɗaya a haske ɗaya a inuwa. Nisanka da shi ya kai kamar ninki biyu ko uku na tsayinsa. In ka matsa kusa da yawa sai ka riƙa ɗaga kai, awonka ya rikice. Kai da takardarka ku kasance a inuwa. Farar takarda a cikin rana tana kashe ido, ka kasa bambance launi. Da ka zauna, kafin komai, yi minti uku kana kallo kawai: ina ne mafi duhu, ina ne mafi haske, ta ina ranar take.

Awo da fensir

Miƙe hannu gaba ɗaya, gwiwar hannu ba lanƙwasa, rufe ido ɗaya. Daidaita tsinin fensir da saman ƙofar zaure, ka sauko da babban yatsa zuwa daidai dokin ƙofar. Wannan tsayin shi ne mudunka, da shi za ka auna komai. Tsayin zauren ya kai tsayin ƙofa nawa? Wataƙila biyu da 'yan kai. Faɗinsa fa, in ka kwantar da fensirin? Sa ɗigo-ɗigo a takarda: saman zanko mafi tsawo, gindin katanga, ƙarshen dama, ƙarshen hagu. Ka bar sarari a sama da ƙasa. Wanda ya fara da ƙofa ba tare da waɗannan ɗigo ba, zankwayensa sukan ƙare a wajen takarda.

Sai layin ido. Kalli gabanka sak, ba sama ba ƙasa ba, ka ga inda idonka ya sauka a jikin ginin. In kana kan 'yar kujera zai faɗi wajen tsakiyar ƙofa ko ƙasa da haka. Ja siririn layi a kwance daga wannan gefen takarda zuwa wancan. Ƙa'idar ita ce, a bangon da ke nisanta daga gare ka, duk layin da ke sama da idonka yana gangarowa ƙasa, wanda ke ƙasa da idonka yana haurawa sama, dukkansu suna neman haɗuwa a kan wannan layi. Hankalinka zai ce maka saman katanga a kwance yake, don ka san haka aka gina shi. Kada ka yarda. Riƙe fensirin a kwance a gaban idonka ka ga yadda saman katangar ya kauce masa, ka kwafi wannan karkatar.

Yanzu tsayar da fensirin a gefen kusurwar ginin. Za ka ga gindin ya taɓa fensirin amma saman ya ja baya ya bar tazara. Wannan tazara ita ce ke bambanta ginin ƙasa da na bulo, kuma ido yakan rage ta, don haka in ma za ka kauce, gara ka ɗan ƙara.

Fensir aikinsa manyan siffofi ne kawai, da sauƙin hannu, minti biyar zuwa goma. Abu na ƙarshe kafin ka ajiye shi: zagaye iyakar inuwoyi yadda suke a wannan lokacin. Kafin ka iso kan fenti sun gusa, kuma in ka bi su kana gyarawa za ka ƙare da rana biyu a zane ɗaya.

Shigar tawada

Fara da saman ginin, inda ya haɗu da sama. Aza alƙalami a ƙarshen hagu ka tafi a hankali, idonka ya fi daɗewa a kan ginin fiye da kan takarda. Bi rawanin ginin yadda yake, inda ya lotsa ka lotsa, inda ruwa ya ci ka nuna. Zanko ba dala ba ce da aka ɗora a kusurwa. Daga jikin rawanin yake tasowa a lanƙwashe, cikinsa ya fi gangara, bayansa ya bi layin kusurwa, kansa a dakushe. Kuma a gida ɗaya ba za ka sami biyu masu kama sak ba: wani ya karkata, wani kansa ya gutsure, wani an yi masa hular siminti. Zana kowanne da halinsa.

Layinka kada ya zama kauri ɗaya. Gefen da ke inuwa, ƙarƙashin indararo, cikin bakin ƙofa, nan ne wurin mai 0.5. Gefen da rana ke duka, ɗauki 0.1, ka riƙa ɗaga hannu layin yana yankewa. Idon mai kallo zai cike gurbin da kansa, kuma yankewar ce ke sa a ji zafin ranar. Kusurwar da ke tsakanin bango mai haske da mai inuwa kuwa, ɗan taɓa ta sama da ƙasa kawai, ka bar sauran wa fenti. In ka ja ta da baƙin layi tun daga sama har ƙasa, ta yi kaifi ke nan, ba ta gyaruwa.

Ƙofar zaure tana da zurfi saboda kaurin katanga. Nuna wannan kaurin a gefen da kake hangowa, ka nuna azarar da aka gitta a samanta, in kawunanta sun leƙo. Indararo ya fito daga bango sosai, ka lura ko ƙasansa kake gani ko gefensa; tun da yana sama da layin idonka, ƙasansa ne.

Inda yaɓe ya zube tubali ya bayyana, hannu yakan so ya zana kowanne. Biyar ko shida sun isa, a wuri ɗaya, masu zagayayyen baya, sahu a kan sahu, sauran ka bar su su ɓace. Haka tsagewar bango: ɗaya ko biyu da suka fi fitowa, daga sama zuwa ƙasa yadda ruwa ya bi.

Ado shi ne ke ba mutane tsoro. Dagi, wato tambarin nan na Arewa, in ka kwance shi, dogayen zobba biyu ne da suka gitta juna, da murabba'i da ya ratsa su. Fara jan waɗannan da fensir a matsayin layi ɗaya-ɗaya, sannan ka ba kowanne kauri, ka bi shi kana tuna cewa igiyar in ta hau ta sama a wannan mahaɗa, ta ƙasa za ta bi a ta gaba. Da ka zo sa tawada, gefen inuwa kaɗai za ka ja. Adon da aka yi da yaɓe tudu ne a jikin bango, ba rubutu ba ne, inuwarsa ce ke nuna shi. A tsofaffin gidajen Zariya za ka ga har da takobi da keke da mota a cikin ado, kuma duk hanyar ɗaya ce. In bangon cike yake da ado, kammala na kewayen ƙofa, sauran ka yi musu ishara.

Akwai masu share duk wani abin zamani don gidan ya fito kamar na ƙarni biyu da suka wuce. Ban goyi bayan wannan ba. Wayar lantarki da ta ratsa gaban zaure, mita a jikin bango, lambobin alli da masu rigakafi suka rubuta a ƙyaure, yagaggiyar fastar ɗan takara, langa-langar da aka ɗora a kan soron baya, su ne ke nuna akwai mutane a ciki. Waya da alƙalami mafi siriri ake jan ta, bugu ɗaya da sauri, daga kafaɗa, ta ɗan yi ciki a tsakiya.

Zane yana buƙatar abin da zai nuna girman ginin. Mutum a tsaye ya fi sauƙi, ɗigon kai da riga ba fuska. Wanda ba ya son zana mai rai, keke a jingine, buta a kan dakali, ko takalma a bakin zaure za su yi masa wannan aiki.

Bar tawada ta yi minti biyar, sannan ka goge fensir a hankali, ban da iyakar inuwoyin nan.

Fenti

Daga mai haske ake farawa a tafi mai duhu, daga babba a tafi ƙarami. Sama tukuna. Da hunturu samanmu ba shuɗi ba ne, fari ne mai ƙura. Jiƙa wurin da ruwa zalla, ka sa oka da aka tsinka sosai da ɗigon shuɗi. Shuɗi na gaske sai damina, bayan an ɗauke ruwa. Jira ya bushe kafin ka taɓa bango, in ba haka ba jan ƙasar zai haura sama.

Dama launin bango da yawa a faranti, fiye da yadda kake zaton za ka buƙata: oka da siyena, ruwa mai yawa. Kowane gari da launin ƙasarsa, har unguwa da unguwa ana samun bambanci, don haka kada ka dogara da abin da ke kanka. Shafa gwaji a guntun takarda, ya bushe, ka tashi ka kara shi da bangon. Fentin ruwa yana ƙara haske in ya bushe, ka dama shi ya ɗan fi abin da kake so ƙarfi. Wasu ma sukan ɗebi ƙasar gindin katangar, su tankaɗe, su niƙa ta lukui, su dama da ruwan ƙaro, su shafe bangon zanen da ita.

Ɗan tokare littafin ya karkata, cika babban buroshi, ka fara daga zankwaye kana saukowa. Ruwan zai taru a ƙasan kowace shafa, kai kuma kana jan wannan taruwar zuwa ƙasa kafin ta bushe. A hanya ka riƙa sauya launin tun yana jiƙe: ƙarin oka inda rana ta fi duka, ƙarin siyena a tsakiya, ɗan amba a gindi inda danshi da fantsamar ruwa suka yi duhu. Bangon da aka shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ya fi ja da duhu. Wanda aka yi wa laso, haɗin katsin marina da gashin jima da dafara, toka-toka yake, sai ka ƙara shuɗi a damin. Inda aka shafa farar ƙasa, kewaye shi ka bar takarda. Kada ka damu in fenti ya ɗan tsallake layin tawada ko ya bar 'yan fararen gurabe.

Iskar hunturu tana busar da fenti kafin ka kai rabin bango, ta bar maka tabo a tsakiya. Maganinta shi ne ka fara shafa ruwa zalla a bangon, ka jira ƙyallin ya ragu, sannan ka shigo da launi, kuma ka yi sauri. Wurin da ya fara bushewa kada ka koma masa da jiƙaƙƙen buroshi, tabo mai kama da fure zai yi. In akwai gyara, bari ya bushe ƙarau. Da damina kuwa akasin haka ne, jira za ka yi ta yi. Taɓa takarda da bayan yatsa, in da sanyi to da saura.

Inuwa

Nan ne zanen ke tashi ko ya kwanta. Haɗa shuɗi da siyena har su ba ka toka mai ɗan ja, mai ruwa-ruwa yadda launin bango zai leƙo ta ƙarƙashinta. Dama mai yawa, don duk inuwoyin daga kwano ɗaya za su fito. Sai bangon ya bushe sarai, sannan ka shafe fuskar da ke inuwa gaba ɗayanta, shafa ɗaya, ba komawa. In ka yi ta goga, launin ƙasa zai taso ya haɗu da na sama su zama taɓo.

Da ka iso kusurwa, wanke buroshi, ka matse shi a tsumma ya zama mai danshi kawai, ka bi bakin inuwar da shi sau ɗaya tun tana jiƙe. Bakin zai narke ya shige cikin haske a hankali, kusurwar ta zama zagayayya. Wannan 'yar dabara ita ce rabin sirrin zana ginin ƙasa. Haka za ka yi wa kowane zanko da bakin dakali.

Amma inuwar da wani abu ya jefa, bakinta da kaifi yake, kada ka narkar da shi. Dubi ta indararo: daga gindinsa take farawa, ta gangara a karkace a jikin bango, doguwa siririya, ta ratsa kan ado tana hawa tana sauka da tudunsa. Ja ta da tsinin buroshi, bugu ɗaya. A ƙarƙashin indararon kuma akwai wani zirin daban, a tsaye, inda ruwa ya yi shekaru yana zuba ya wanke yaɓe. Wannan da amba mai ruwa ake yinsa, kada ka haɗa su. Inuwar ginin a ƙasa ta fi ta jikin bango duhu, kuma dole ta manne da gindin katanga ba tazara, in ba haka ba gidan zai yi kamar yana shawagi.

In ka ƙura ido a bangon da ke inuwa za ka ga ƙasansa ya fi samansa ja, don jar ƙasar da rana ke duka tana mayar masa da haske. Ɗiga siyena zalla a nan tun inuwar tana jiƙe.

Ƙofar zaure ita ce mafi duhu. Shuɗi da amba, ruwa kaɗan. Cika samanta da duhu sosai, ka sassauta yayin da kake saukowa, ka bar ɗan ja a daɓe inda haske ya shiga. Wannan duhun kada ka maimaita shi ko'ina sai a 'yar taga da ƙarƙashin azara, don ido ya san inda zai fara sauka.

Ƙarashe

Don kaushin yaɓe, ɗebi launi mai kauri, goge buroshin a tsumma har ya kusa bushewa, ka kwantar da shi ka ja da sauri a wuri biyu ko uku. Ƙasar da ke gaban gidan kuma, rufe ginin da guntun takarda, ka ƙwanƙwasa buroshi a kan yatsa ya yi fantsama. Langa-langa toka ce mai haske, a ɗiga mata siyena tana jiƙe ta zama tsatsa. Koren darbejiya daga oka da shuɗi zai fito, ya fi koren akwati dacewa da ƙura. Da ka ji kana neman abin da za ka ƙara, to ka gama, rufe akwatin.

A gefen takarda rubuta unguwa, kwanan wata da ƙarfe nawa. In Baba ya faɗa maka wanda ya gina gidan, ko shekarar da aka yi yaɓe na ƙarshe, rubuta. Kai masa ya gani kafin ka tafi, ka yi godiya, in ya nuna sha'awa ka ɗauki hoton zanen ka wanko masa. Yaran da suka kewaye ka tun ɗazu, ba babbansu riƙon robar ruwa, shi zai hana sauran tsaya maka a gaba.

In hannu ya faɗa

Bayan zaure goma ko fiye, shiga ciki. Rufin zauren manya yana kan bakan gizo ne, inda bakuna suka gitta juna kuma shi ne ɗaurin guga. Zauna a kusurwa, fara sa ɗigo a inda suka haɗu a tsakiyar rufi, sannan ɗigo a gindin kowane baka, ka haɗa su da lanƙwasa ɗaya-ɗaya. A ciki komai inuwa ne, don haka ƙofa ce za ta zama farar takarda. Ƙololuwar wannan aiki tana tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830. A can sai da izinin masu kula da shi, kuma ba a lokacin salla ba.

Hasumiya kuma a tsaye ake juya mata takarda, a zauna nesa, a fara sa ɗigon ƙololuwa kafin komai. Gobarau hawa-hawa take, kowane hawa ya fi na ƙasansa ƙanƙanta, ka auna su ɗaya bayan ɗaya da faɗin gindin. Ta masallacin Agadas, mai tsayin mita 27, tana sirancewa ne a miƙe, jikinta duk itatuwa sun leƙo. Kada ka ƙirga su. Ja sahunsu da fensir a kwance, sahun yana ƙara matsewa yayin da yake hawa, ka sa kowane itace da ɗan gajeren bugun alƙalami, sannan ka ba na fuskar da ke rana inuwarsu, dukkansu suna karkata gefe ɗaya.